Intanet na Gida a Zariya: Abin da Kowace Hanya Take Ci a Aljihu

Duk magidancin da ke da ɗalibai a gabansa a Zariya, ko yake neman abincinsa ta kwamfuta, ya san cewa kuɗin data ya shiga sahun abubuwan da ake ware wa kaso a ƙarshen wata, kafaɗa da kafaɗa da kuɗin wuta da na makarantar yara. Lamarin ya ƙara tsananta tun daga watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashinsu da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, bayan sun daɗe suna neman hakan. Hanyoyin da ke gaban mai son intanet a gidansa a garin nan ba su da yawa. Ko dai ya dogara da datar wayar hannu, ko ya sayi rauta mai ɗaukar sim, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida, ko ya kafa farantin Starlink mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam a kan rufi, ko kuma, idan ya yi sa'a, a jawo masa wayar faiba, wato kebul ɗin intanet mai zaren gilashi, har cikin gida. Na yi amfani da biyun farko a gidana, na kuma ga yadda sauran suke aiki a wurin dangi da abokan aiki, kuma ra'ayina shi ne cewa farashin da ake rubutawa a jikin talla shi ne abu mafi ƙanƙanta da ya kamata ya yanke wa Bazazzagi hukunci.

Dalilina shi ne cewa kuɗin intanet na gida ba kuɗin wata kaɗai ba ne. Akwai kuɗin na'urar da za a saya tun farko, wanda ya kamata a raba shi a kan shekarun da za ta yi tana aiki. Akwai kuɗin wutar da za ta riƙe na'urar, wanda a garinmu ba ƙaramin abu ba ne. Sannan akwai wata asara da ba a cika lissafa ta ba, wato datar da mutum yake sake saye a wani layin a duk ranar da wanda ya biya wa kuɗin wata ya ƙi motsi. Wanda ya haɗa waɗannan duka zai ga cewa hanyar da ta fi sauƙi ga maƙwabcinsa na Palladan tana iya zama mafi tsada gare shi a Tudun Jukun.

Kafin a kai ga kwatanta farashi, dole mai gida ya san yawan datar da gidansa ke ci, kuma yawancinmu muna raina wannan adadi. Saƙon rubutu da karanta labarai ba sa cin komai; bidiyo ne ke cinye data. Awa ɗaya na bidiyo mai matsakaicin kyau yana ɗaukar tsakanin rabin giga da giga guda, mai tsananin kyau kuwa yana iya kaiwa giga uku. A ce gida yana da mutum biyar masu waya, kowannensu kuma bai wuce rabin giga a rana ba, to, a wata an tashi giga 75, tun ba a sa darasin ɗalibin da ke karatu daga nesa ba, ko kiran bidiyo da ɗan'uwa da ke Saudiyya, ko tafsirin da ake bi kai tsaye a watan azumi, ko wasan ƙwallon ƙarshen mako. Gidan da ke da talabijin mai shiga intanet kuwa, adadinsa yakan ninka wannan ba tare da kowa ya lura ba.

Datar waya ita ce hanyar da kowa ya fara da ita, kuma ita ce take yaudara saboda ana sayen ta kaɗan-kaɗan. Lokacin da MTN ya sauya farashinsa a watan Fabrairun 2025, ƙunshin giga 20 na wata ya tashi daga naira 5,500 zuwa naira 7,500, wato kowace giga ta kama naira 375. Idan gidan da muka yi misali da shi ya sayi gigarsa 75 a kan wannan farashi, zai kashe sama da naira 28,000 a wata. Wannan ma idan an sayi babban ƙunshi ke nan. Abin da ya fi faruwa shi ne kowa ya riƙa sayen ta kwana ɗaya ko ta mako, naira ɗari biyu yau, ɗari biyar gobe, kuma idan aka tara abin da uwargida da samari da 'yammatan gidan suka kashe a wata, sai a tarar ya zarce kuɗin rauta nesa ba kusa ba, alhali babu wanda ya taɓa jin ya fitar da babban kuɗi. A wannan sauyin farashi ne kuma ƙunshin giga 15 na mako, wanda ɗalibai suka fi dogara da shi, ya tashi daga naira 2,000 zuwa naira 6,000, abin da ya jawo surutu har kamfanin ya fito ya ba jama'a haƙuri. Abin lura a nan shi ne cewa ƙunshin garaɓasa ba abin da za a gina lissafin gida a kansa ba ne, domin ranar da kamfani ya ga dama zai janye shi.

Raba data daga waya zuwa sauran na'urori yana da nasa wahalhalun da ba su bayyana a farashi. Wayar tana zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu, batirinta yana saurin lalacewa, kuma da zarar mai wayar ya fita masallaci ko kasuwa, intanet ɗin gidan ya bi shi. Na ga yadda ɗiyar ƙanwata, wadda ke rubuta aikin kammala digiri, take tsayawa a bakin zaure tana cewa, “Kawu, don Allah ka bar mini wayar zuwa la'asar,” domin wani babban fayil da take saukewa bai kai rabi ba. Ga gwauro ko ɗalibin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki, wanda bukatarsa ba ta wuce giga ashirin zuwa talatin ba, wannan hanya ta wadatar, kuma sayen wata na'ura ɓarnar kuɗi ne. Ga gida mai iyali kuwa, ba na ganin ta a matsayin mafita.

Rauta mai ɗaukar sim ita ce, a ganina, ta fi dacewa da yawancin gidajen Zariya, kuma a kanta zan fi tsayawa. Iri uku ake samu a shagunan waya na Sabon Gari da PZ da Samaru. Akwai ƙaramar nan ta aljihu mai batir a cikinta, wadda ke riƙe caji na wasu awoyi amma ƙarfinta ba ya ratsa bango biyu. Akwai babbar da ake jonawa da wuta, mai ɗaukar na'urori da yawa a lokaci guda. Sannan akwai wadda ake ɗaure kanta a waje, a jikin ƙarfe ko a saman katanga, a jawo waya zuwa cikin ɗaki, kuma ita ce ta fi kama sabis a unguwannin da ke nesa da turken sadarwa. Waɗanda kamfanonin waya ke sayarwa da tambarinsu sukan yi araha, har a haɗa wa mai saye da datar farko kyauta, amma arahar tana da dalili: an kulle su ne yadda ba za su karɓi sim ɗin wani kamfani ba. Wadda ba a kulle ba ta fi tsada a ranar saye, sai dai tana ba mutum damar sauya layi duk lokacin da sabis ya lalace ko farashi ya tashi, kuma a cikin shekara biyu wannan dama takan biya bambancin kuɗin. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma na ga gidajen da aka jibge rauta biyu ko uku a saman kabad, kowace an saye ta ne saboda arahar ranar, an kuma watsar da ita da layin ya daina aiki a unguwar.

Fa'idar rauta ta fuskar kuɗi ita ce, ƙunshin da ake sayar mata manya ne, kuma gwargwadon girman ƙunshi gwargwadon saukar farashin giga. Amma a nan ne kuma ake bukatar natsuwa wajen karanta sharuɗɗa, musamman a kan abin da ake tallatawa a matsayin data mara iyaka. Galibin irin waɗannan tsare-tsare suna da ɗaya daga cikin iyakoki biyu. Ko dai a ƙayyade saurin tun farko, mutum ya biya kuɗi gwargwadon saurin da ya zaɓa, ko kuma a bar shi ya yi gudu har ya kai wani adadi na giga, daga nan a rage masa sauri zuwa ƙarshen wata, ya zama kamar famfon da ba a rufe ba amma ɗiga kawai yake yi. Na biyun ne ya fi ɓata wa mutane rai, domin a makon ƙarshe saƙon WhatsApp yana tafiya, amma bidiyo ba ya buɗewa, darasi kuma yana yankewa. Tambayar da ya kamata a yi wa mai shago ba ita ce ko tsarin yana da iyaka ba, sai dai a giga nawa ake rage sauri, kuma zuwa nawa ake rage shi. Idan ya kasa ba da amsa da adadi, to, a nemi shafin kamfanin a karanta da ido kafin a miƙa kuɗi. Haka nan a tambayi ko datar da ta rage tana tsallakawa zuwa wata mai zuwa, domin yawanci sai an sabunta kafin wa'adi ya cika take tsallakawa, kuma jinkirin kwana kaɗan yana iya sa a yi asarar abin da aka riga aka biya.

Duk wannan lissafi ba shi da amfani idan sabis bai isa ɗakin da ake zama ba, kuma Zariya gari ne da sabis ɗinsa ke sauyawa daga layi zuwa layi. A cikin Birni, inda har yanzu akwai tsofaffin gidajen ƙasa masu kaurin bango da ƙananan tagogi, sau da yawa waya tana kamawa a tsakar gida amma ta mutu da an shiga ɗaka. A wani gidan danginmu da ke kusa da Ƙofar Doka, sai da aka buga ƙusa a jikin katakon taga aka rataye rautar a cikin jakar leda, fuskarta tana kallon waje, sannan fitilarta ta koma kore. Da an sauko da ita kan tebur, taku uku kacal daga tagar, sai ta koma ja. A Samaru da Kongo kuwa matsalar ta daban ce. Sabis yana cika taf a fuskar waya, amma idan Jami'ar Ahmadu Bello tana cikin zango, dubban ɗalibai ne ke rataye a kan turakun da ke kewaye, don haka daga bayan magariba zuwa tsakar dare saurin yana faɗuwa, ya dawo da asuba. Wanda ya gwada layi a lokacin hutun jami'a, ya ga yana gudu, ya sayi na'ura a kan haka, zai sha mamaki idan ɗalibai suka dawo. A sababbin unguwannin da ke bayan gari, wajen Basawa da hanyar Shika da bayan Danmagaji, nisa daga turke ne ke damun mutane, kuma a can ne rautar da ake ɗaurewa a waje take nuna amfaninta.

Saboda haka gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin kuɗi sosai. A ari sim na kowane kamfani daga maƙwabta, a sa masa datar kwana ɗaya, a zauna a ainihin ɗakin da za a ajiye rautar, bayan sallar isha'i, a buɗe bidiyo mai tsawo, a kuma yi kiran bidiyo da wani. A maimaita a ranar aiki da ranar hutu. Yawan sandunan sabis da ke saman waya ba shi ne shaida ba, domin yana nuna kusanci da turke ne kawai, ba ya nuna yawan mutanen da ake rabawa da su. A gidana, layin da duk abokaina suke yabo shi ne ya fi ba ni wahala da daddare, wanda kuma ake yi wa kallon rauni shi ne ya riƙe mu, kuma ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, domin a unguwar da ke maƙwabtaka da mu labarin akasin haka ne.

Abin da za a iya faɗa a kan kamfanonin gaba ɗaya kaɗan ne. MTN, wanda ya fara aiki a ƙasar nan a 2001, shi ke riƙe da sama da rabin layukan da ake amfani da su, Airtel na biye da shi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Glo, wanda ya shigo a 2003, an san shi da ba da data mai yawa a kan kuɗi kaɗan, don haka inda yake kamawa da kyau yakan fi sauƙi. Kamfanin da aka sani da Etisalat, ya koma 9mobile a 2017, ya sake suna zuwa T2 a 2025, kuma a shekarar ce ya ƙulla yarjejeniyar da ta ba masu layinsa damar hawa turakun MTN. Batun 5G kuma yana bukatar hattara. MTN ya ƙaddamar da shi a 2022 a garuruwa bakwai da suka haɗa da Legas da Abuja da Kano da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023, kuma Zariya ba ta cikin jerin farko na ko ɗaya daga cikinsu. Rautar 5G ta fi ta 4G tsada ƙwarai, kuma idan ba ta samu 5G a unguwa ba, komawa take yi kan 4G, mai ita ya biya kuɗin abin da ba ya samu. Kada a saye ta sai an ga alamar 5G ta fito a kan waya a cikin gidan, ba a bakin titi ba.

Wuta ita ce abu na gaba, kuma a nan rauta ta yi wa Starlink fintinkau. Ba ta cin fiye da wat goma zuwa goma sha biyu, wato kimanin yunit bakwai zuwa tara a wata ko da ba a kashe ta ba dare da rana. Ƙaramin batirin nan da ake sayarwa musamman domin rauta yana riƙe ta awoyi bayan an ɗauke wuta, kuma wanda ke da ƙaramar sola ta fitila da caji ba ya bukatar ƙarin komai. Ina ganin wannan batir wajibi ne a sa shi cikin kuɗin saye tun farko, domin biyan kuɗin wata a kan na'urar da ke mutuwa duk lokacin da wuta ta tafi daidai yake da biyan wata guda a ci rabinsa. Waɗanda suka ga duhun da jihohin Arewa suka shiga a watan Oktoban 2024, lokacin da aka shafe fiye da mako guda babu wuta sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, sun san cewa na'urar da ƙaramin faifan sola zai iya riƙewa ita ce ta ci gaba da aiki.

Starlink shi ne abin da ake yawan tambaya a kansa yanzu, kuma ya cancanci a yi masa adalci. Na kamfanin SpaceX ne na Amurka, ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga. Farantinsa yana magana ne kai tsaye da taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, don haka bai damu da turke ba, bai damu da cunkoson ɗaliban Samaru ba, kuma a gona a bayan Giwa zai yi aiki kamar yadda zai yi a GRA. Na zauna a ofishin wani abokin aiki da ke amfani da shi, ana taron bidiyo a ɗaki ɗaya, ana sauke manyan fayiloli a wani, babu abin da ya tsaya. Ta fuskar sauri, babu rautar 4G da na gani da ta kama ƙafarsa.

Tsadar ce abin dubawa. Kuɗin wata na gida naira 38,000 ne a 2024. A watan Oktoban shekarar kamfanin ya sanar da mayar da shi naira 75,000, NCC ta ce ba da amincewarta ba, aka janye ƙarin, sannan a 2025 ya tsaya a naira 57,000. Kayan kafawa na yau da kullum kuwa sun tashi daga naira 440,000 zuwa naira 590,000 a 2024. Idan aka raba kuɗin kayan a kan shekara uku, kowane wata ya ɗauki kusan naira 16,400. Sai wuta: farantin da rautarsa suna cin wajen wat 75, wani lokaci har ɗari, wato kimanin yunit 54 a wata idan ba a kashewa, kuma a farashin rukunin A na masu samun wuta mafi yawan awoyi a rana, wanda ya haura naira 200 a kan yunit tun daga Afrilun 2024, wannan ya zarce naira 11,000. Jimilla ta doshi naira 85,000 a wata, a jihar da mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta amince da shi a 2024 naira 72,000 ne. Wannan kuma lissafin wanda ke samun wuta ne. Wanda zai riƙe shi da sola yana bukatar inbata da batir mai amfiya 200 domin farantin kaɗai ya kwana a kunne, wanda zai riƙe shi da janareta kuwa, kuɗin fetur tun bayan cire tallafi a 2023 ya isa ya ba shi amsa. Akwai ƙaramin samfurinsa, Starlink Mini, wanda kayansa suka fi araha kuma bai kai rabin wannan wuta yake ci ba, amma kuɗin wata yana nan.

Ko a farashin datar waya na naira 375, naira 85,000 tana sayen giga fiye da 220, a farashin rauta kuma fiye da haka sosai. Ma'ana, Starlink ba ya zama mai sauƙi sai ga wanda ke cin ɗaruruwan giga a wata, ko wanda intanet shi ne jarinsa, kamar mai aiki da kamfanin waje daga gida, ko mai makaranta, ko mai cibiyar rajistar jarrabawa, ko wanda ke zaune inda babu layin da ke kamawa. Yana kuma da sharaɗin wuri: farantin yana son sararin sama a buɗe, kuma gidan da rimi ko mangwaro ko darbejiya suka yi wa rumfa sai an ɗaga shi a kan dogon ƙarfe. Ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta yana yanke shi na ɗan lokaci. Kayan rabin miliyan a saman rufi kuma abu ne da ke jan ido, don haka a sa kuɗin mai walda a lissafi. Wasu maƙwabta sukan haɗa kuɗi gida huɗu ko biyar su raba, kowa ya tashi da abin da bai kai naira 22,000 ba, kuma ta fuskar lissafi wannan ya yi daidai. Amma sharuɗɗan kamfanin sun hana sayar da tsarin gida ga wasu, kuma rigimar wanda bai biya nasa kason ba takan fi matsalar sabis saurin raba irin wannan haɗaka.

Faiba ita ce hanyar da ta fi kowace inganci idan ta iso ƙofar gida, domin saurinta ba ya sauyawa da ruwa ko cunkoson turke, na'urarta ba ta cin wuta fiye da rauta, kuma yawanci babu ƙidayar giga. Matsalar ita ce yawancin unguwannin Zariya ba a ja ta zuwa gidaje ba. Gwamnatin Jihar Kaduna ta yafe wa kamfanonin sadarwa kuɗin izinin haƙa hanya tun a 2020, Gwamnatin Tarayya kuma ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasa, amma wayar da ta bi babban titi daban, wadda ta shigo lungu daban. Wanda aka ce masa ta iso layinsu, ya tambayi kuɗin jawowa, ya tambayi wanda zai biya gyara idan masu aikin kwalbati suka tsinke ta, ya kuma nemi wani da ya yi wata shida yana amfani da ita ya ji daga bakinsa. Irin wannan tambayar ta dace da masu raba intanet na unguwa, waɗanda ke kafa eriya su sayar da tikiti na awa ko na mako a kewayen gidajen hayar ɗalibai. Suna da araha, suna kuma da amfani ga mai zaman zango ɗaya, amma ingancinsu ya rataya ne a kan mutum ɗaya da batirinsa.

Kowace hanya aka zaɓa, ina ganin a ware ɗan kuɗi domin layi na biyu na wani kamfani daban, ko da giga biyu ce a ajiye. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da layuka da dama suka tsaya cak, amma ba duka kamfanoni abin ya shafa daidai ba, kuma masu layi biyu su ne suka ci gaba da harkarsu. Sim ɗin rauta, kamar na waya, sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, don haka wanda zai sayi rauta ta hannu ya tabbata ya yi rajistar sabon sim da sunansa, kada ya gaji na wani a rufe masa shi rana tsaka. Lambobin da NCC ta daidaita wa duk kamfanoni suna da sauƙin riƙewa: *312# domin sayen data, *323# domin duba abin da ya rage, 300 domin kiran kamfani, idan kuma ƙorafi ya gagara a can, 622 ita ce ta hukumar, kuma kyauta ce.

Akwai wata ɓaraka da ke cikin gida, wadda sau da yawa ake ɗora wa kamfani laifinta. Da zarar waya ko kwamfuta ta hau waifai, ɗauka take yi cewa datar ba ta da iyaka, sai ta shiga sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiyar intanet ba tare da ta nemi izini ba, kuma kwamfuta mai Windows tana iya shanye giga da yawa a zama ɗaya. A cikin saitin kowace na'ura akwai wurin da ake gaya mata cewa wannan layi na awo ne, kuma minti biyu da za a ɓata a kan kowace waya suna rage kuɗin wata fiye da sauya kamfani. Haka ma lambar sirri: wadda ke rubuce a bayan rauta, yaran gida sukan karanta wa abokansu, wayoyin zamani ma suna iya miƙa ta ga wata waya ta hanyar ɗaukar hoto kawai, har ta kai samarin dakalin ƙofar gida suna kallon ƙwallo da kuɗin mai gida. Shafin sarrafa rauta yana nuna duk na'urorin da ke kanta a kowane lokaci, kuma yawancinsu suna ba da damar a ƙayyade waɗanda aka yarda su hau, ta yadda ko lambar ta fita waje, baƙuwar waya ba za ta samu shiga ba.